Haƙƙin Matattu da Haƙƙin Rayayyu a Yaƙin da Ya Ƙi Ƙarewa

Tambayar da ta fi wuya ga shugabannin da dakarunsu suka daɗe suna yaƙi a wata ƙasa ita ce ko jinin da aka riga aka zubar yana wajabta a ci gaba da zubar da wani. Malaman falsafar Yamma, tun daga Augustine har zuwa Thomas Aquinas, sun gindaya wa yaƙi sharuɗɗa kafin ya halatta, wato hukuma mai iko, da dalili na adalci, da kyakkyawar niyya. Magadansu kuma suka ƙara cewa dole a sami zaton nasara, kuma kada ɓarnar ta rinjayi amfanin da ake nema. Da yake sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe suna canzawa idan hali ya canza, ya zama wajibi a riƙa sake auna halaccin yaƙi muddin ana gwabzawa.

Yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi sake da wannan awo. A shekarar 1965 wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, John McNaughton, ya rubuta a takardar sirri cewa kashi 70 cikin ɗari na manufar ƙasarsa guje wa kunyar shan kashi ne, alhali kyautata rayuwar mutanen Biyetnam ta Kudu kashi 10 ne kacal. Bayan farmakin Tet da abokan gabar Amurka suka kai a Janairun 1968, lokacin da sojojin Amurka suka kai kusan rabin miliyan kuma hafsoshi suka nemi ƙarin 206,000, sabon sakataren tsaro Clark Clifford ya binciki lamarin, ya tarar babu wani shiri da zai kai ga nasara. Ranar 31 ga Maris Shugaba Johnson ya taƙaita ruwan bama-bamai, ya buɗe ƙofar sulhu, amma ba a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Paris ba sai a Janairun 1973, kuma jimillar Amurkawan da suka mutu ta haura 58,000, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da suka halaka.

Masu adawa da janyewa suna da hujjar da ba a rainawa, domin ƙasar da ta juya wa abokan ƙawancenta baya ta ci amana, kuma waɗanda suka dogara da ita su ne farkon shan wuya. Sai dai wannan hujja tana wajabta kare mutanen ne da nema musu mafita, wanda ya sha bamban da tsawaita yaƙi don kare martabar masu mulki. Janyewa kuwa ba lallai ba ne ta zama abin kunya: a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, bayan shahadar jagorori uku, Khalid bin Walid ya janye rundunar Musulmi cikin dabara, kuma da wasu mutanen Madina suka kira su masu gudu daga yaƙi, Annabi (SAW) ya kare mutuncinsu.

Saboda haka haƙƙin waɗanda suka mutu shi ne a girmama su, a kula da iyalansu, a kuma faɗi gaskiya game da shawarwarin da suka kai su filin daga. Shugaban da ya tabbatar manufarsa ba za ta cimmu ba, amma ya ci gaba da tura matasa don gudun abin kunya, yana ɗauke da alhakin kowane rai da ya salwanta daga ranar da ya san hakan.