Sawaba: Ina Za Mu Ajiye Su a Tarihi?

Mu da muka taso a Kumbotso, in aka ce Sawaba sai mu tuna NEPU, Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo. Amma a Nijar akwai wata Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta yi zumunci da NEPU, kuma labarinta akwai jini a ciki.

A ƙuri'ar raba-gardama ta Satumbar 1958, Sawaba ta ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa. Ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, shugabanninta suka yi gudun hijira. Ƙasa ta samu 'yanci a 1960, mulki na hannun Diori Hamani. Matasan Sawaba suka koyo yaƙi a Sin da Aljeriya, suka tsallako iyaka da bindigogi a 1964. Aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 ɗayansu ya jefa wa Diori gurneti a filin Idi a Yamai. Diori ya tsira, ƙaramin yaro ya mutu.

To, jarumai ne ko maciya amana? Kanada ma ta sha wannan tambayar. 'Yan Fenian, masu neman 'yancin Ayilan daga Ingila, sun kai mata hari daga Amurka a 1866, kuma tsoronsu na cikin abin da ya sa yankunanta suka dunƙule a 1867.

A ganinmu, gaskiya biyu ce, dole mu riƙe su tare. An toshe wa Sawaba ƙofar siyasa, wannan zalunci ne. Amma zaluncin da aka yi maka bai halatta maka jinin wanda ya fito Sallah ba. Kuma wanda ya tsara yaƙi daga nesa ba shi ke kwana a ƙauyen da soja za su zo bincike ba.

Mu masu rubuta manhaja ba ma goge tarihin kuskure, domin wanda ya goge shi zai sake tafka shi. Yau filin jirgin Yamai na ɗauke da sunan Diori, gadar Fariye da sunan Djibo. Madalla. Sai dai in za mu ba 'ya'yanmu labarin, mu fara da yaron nan na filin Idi. Shi ba a tambaye shi jam'iyyarsa ba.