Gadon Ingarma: Wa Ke Biyan Kuɗin Zaɓinmu?

Bahaushe ya ce kyawun ɗa ya gaji ubansa. Babu inda aka ɗauki wannan magana da muhimmanci, aka kuma zuba mata dukiya, kamar a bargar dawakin sukuwa na Turai da Amurka. A can, dokin da ya yi fice a fili yakan yi ritaya yana ɗan shekara huɗu ko biyar, a kai shi turke na musamman, masu goɗiyoyi su riƙa layi suna biya don ya yi musu barbara. Frankel, wanda ya shiga sukuwa sau 14 a Ingila bai taɓa zuwa na biyu ba, kuɗin barbararsa sau ɗaya ya kai fam 350,000. Mai biyan wannan kuɗi fata yake saya, domin ɗan da zai samu yana can wata goma sha ɗaya a gaba, kuma babu wanda ya san da abin da zai zo.

Dalilin tsadar ingarma lissafi ne mai sauƙi. Goɗiya ɗa ɗaya take haifa a shekara, ingarma kuwa yana iya hawa goɗiya ɗari ko fiye a kaka guda. Saboda haka uba ɗaya yana iya canza kamannin zuriya baki ɗaya. Dawakin sukuwar Ingila, waɗanda ake kira Thoroughbred, ana rubuta nasabarsu tun 1791, kuma ta wajen uba dukansu suna komawa ne ga ingarmu uku da aka kawo daga ƙasashen Gabas. Ɗaya daga cikinsu, Darley Arabian, a Halab ta ƙasar Sham aka saye shi a 1704. Binciken da aka yi ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan dawaki a yau, idan aka bi layin uba da uba, gare shi za a tarar.

To me ɗa yake gada? Doki yana da ƙunshin gado 64 a kowace ƙwayar jikinsa, 32 daga uba, 32 daga uwa, babu wanda ya fi wani ba da kaso. Tsawo da launi da tsarin ƙafa suna bin jini sosai. A 2010 wata masaniya a Dublin, Emmeline Hill, ta nuna cewa wata ƙwayar gado da ke kula da girman tsoka tana da hannu wajen ko doki zai fi ƙwarewa a gajeren zango ko a dogo. Amma abin da ake kira zuciyar doki, wato ƙin yarda a wuce shi, da haƙurin ɗaukar horo, da natsuwa a gaban taro, waɗannan suna fitowa ne daga haɗuwar ƙwayoyi masu ɗimbin yawa da kiwo da hannun mai horo, kuma har yau ba a iya auna su a kwalba ba.

Tarihin sana'ar cike yake da abin da ke kunyata masu lissafi. Northern Dancer, da aka haifa a Kanada a 1961, gajere ne, har aka sa masa farashin dala 25,000 yana ɗan shekara ɗaya babu wanda ya taya. Shi ne ya ci Kentucky Derby a 1964, ya kuma zama uban da duniya ta yi rububinsa, har kuɗin barbararsa ya taɓa dala miliyan ɗaya. A 1983 aka sayi wani ɗansa, Snaafi Dancer, dala miliyan 10.2. Da aka gwada shi a wajen horo sai aka ga ba shi da gudun da za a fitar da shi gaban jama'a, bai taɓa shiga sukuwa ba, da aka mayar da shi barbara kuma sai aka tarar da ƙyar yake haihuwa. Barewa ta yi gudu, ɗanta ya yi rarrafe.

Labarin Secretariat ya fi wannan ban sha'awa. A 1973 ya ci tseren Belmont da tazarar tsawon doki 31, kuma lokacin da ya kafa a ranar har yanzu ba a karya shi ba. An sa rai 'ya'yansa maza za su gaje shi, babu wanda ya kama ƙafarsa. Sai ga shi alherin ya ɓullo ta wajen 'ya'yansa mata: su suka haifi Storm Cat da A.P. Indy, biyu daga cikin manyan ubannin dawakin Amurka. Larabawan hamada, waɗanda daga wajensu asalin wannan jini ya fito, ta wajen goɗiya suke lissafin nasabar doki tun da can. Mu ne, da Turawa, muka saba rataya wa uba duk wani abin yabo, in ɗa ya lalace kuma a waiwayi uwa.

Duk wannan caca ce, kuma in da a aljihun attajirai ta tsaya da babu abin damuwa. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wanda ake yin cacar da jikinsa. Ɗan dukushin da za a haifa ba a yi shawara da shi ba, amma shi zai rayu a cikin ƙafafu da huhu da tsokar da wani ya zaɓa masa.

A 1969 aka haifi wani ingarma a Amurka mai suna Impressive, daga irin da ake kira Quarter Horse. A gasar da ya yi suna ba a gudu, tsayar da doki ake yi alƙalai su duba ƙirarsa, kamar yadda ake duba ragon layya. Tsokarsa a murɗe take, ta yi ɓul-ɓul, kowa ya gan shi sai ya ƙyasa. Ya zama zakaran duniya a 1974, ya haifi 'ya'ya sama da 2,000, jikoki da tattaɓa-kunne kuwa dubun dubata. Daga baya aka lura wasu daga cikin zuriyarsa sukan kama makyarkyata haka kawai, tsoka ta riƙa rawa, doki ya zube ƙasa, wani ma numfashi ya ɗauke ya mutu. Cutar, wadda likitoci ke kira HYPP, daga ƙwayar gado ɗaya take, kuma da aka bi sawunta sai aka tarar a kan Impressive ta tsaya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne akwai alamar cewa ita wannan cutar tana cikin abin da ke sa tsokar ta yi kumburin da alƙalai ke so. Ke nan shekara da shekaru ana ba cuta kambi, ana biyan kuɗi don a yaɗa ta.

Waɗanda suka kai goɗiyoyinsu wajen Impressive a shekarun farko ba su da laifi, don ba su sani ba. Amma tun 1992 aka samu gwajin da ke nuna dokin da ke ɗauke da ƙwayar, daga nan kuma hukuncin ya canza. Wanda ya san ingarmansa zai ba rabin 'ya'yansa ciwo, ya ci gaba da karɓar kuɗin barbara don 'ya'yan suna cin gasa, ya sayar da lafiyar dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Ana iya cewa ai dokinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne, sai dai mallaka tana ba mutum ikon amfana da dabba, ba ta ba shi ikon ƙirƙiro mata wahala da gangan. Mai doki a ko'ina ya san wannan a zuciyarsa, shi ya sa ba ya son a gan shi yana sukuwa a kan gurgu.

Akwai masu cewa ba don wannan zaɓe ba da babu dokin sukuwa kwata-kwata, kuma dabbar da ake kashe wa miliyoyi ta fi jakin kaya jin daɗin duniya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kiwo kansa zaɓe ne, Bafulatanin da ya ware bijimi ɗaya ya dandaƙe saura shi ma abin da yake yi ke nan. Sai dai Bafulatani yana neman saniyar da za ta jure tafiya da fari da cuta, abin da yake so da abin da zai amfani saniyar sun zo ɗaya. Matsala tana farawa ne ranar da buƙatar mai dabba ta rabu da lafiyar dabbar. A 2008 wata goɗiya, Eight Belles, ta zo ta biyu a Kentucky Derby, tana wuce layi kaɗan ƙafafunta na gaba biyu suka karye, a nan filin aka yi mata allurar mutuwa a gaban dubban 'yan kallo. Har yau ana gardama a kan ko jini ne ko horo ko tsautsayi. Amma abin lura shi ne, duk da tace jinin da ake ta yi, lokacin da Secretariat ya kafa a wannan tsere tun 1973 yana nan daram. Gudun bai ƙaru ba, jinin kuwa sai ƙara matsewa yake yi a kan ubanni 'yan ƙalilan.

Mai karatu zai ji wannan zance yana kusantar gida, kuma dole a taka a hankali. Wata cutar dawakin tsalle na Turai, wadda ke sa a haifi ɗa da fata mai yagewa kamar takarda, ba ta bayyana sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, sannan ɗa ɗaya cikin huɗu ya kamu. Wannan shi ne lissafin sikila, AS da AS, wanda gidaje da yawa a ƙasar Hausa suka sani da hawaye. Da maganar ta fashe a 2018, ƙungiyoyin masu kiwo a Holand da Jamus suka shiga gwada ingarmu suna bayyana sakamako. Idan mai doki ya wajaba ya gwada, masu shirin aure sun fi shi wajabci, don abin da ake kiyayewa a nan ciwo ne sananne da zai faɗa wa yaro.

Amma daga nan zuwa auna ɗan Adam da ma'aunin barga akwai rami mai zurfi. Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya dubi yadda ake tace dabbobi ya ce me zai hana a yi wa mutane haka, ya raɗa wa ra'ayin suna a 1883. Ƙarshenta an yi wa mutane sama da 60,000 aikin hana haihuwa na dole a Amurka, a Jamus ta Hitila kuwa adadin ya kai ɗaruruwan dubbai. Mu ma muna da namu ƙaramin salon, ranar da aka hana saurayi mai addini da sana'a aure don kakansa mahauci ne ko wanzami, aka ce ba shi da asali. Doki ana zaɓensa ne don aiki ɗaya, gudu ko tsalle, shi ya sa ake iya cewa wannan ya fi wancan. Mutum ba shi da zango ɗaya da aka ajiye masa. Kuma ko a dawakin, inda ake da nasaba a rubuce ta fiye da shekara 200, mun ga yadda asali ya yaudari wanda ya biya dala miliyan goma.

Su kuwa masu Quarter Horse sai a 2007 ƙungiyarsu ta daina yi wa ɗan da ya gaji ƙwayar HYPP daga uwa da uba duka rajista, shekara 15 bayan samun gwajin. Wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya, wanda shi ma yana iya zubewa yana makyarkyata, har yanzu ana ba shi takarda, ana shiga gasa da shi, ana kuma kai masa goɗiyoyi.