Tsintuwa Amana Ce a Hannun Yaro

Yara suna da wata magana da suke kare kansu da ita idan an gan su da kuɗin da ba a ba su ba: tsintuwa ba sata ba ce. Gaskiya ne, wanda ya sunkuya ya ɗauki abin da ya gani yashe a ƙasa bai yi sata ba. Sai dai maganar ta tsaya a rabin hanya. Ɗauka daban, riƙewa daban, kuma wajen riƙewar ne ake cin amana.

Yaro ɗan shekara bakwai ya shigo gida da gudu, ya dunƙule 'yar dubu ɗaya a hannu, yana haki. "Umma, kin ga abin da na tsinta!" Abin da uwar za ta faɗa a wannan lokaci ya fi wa'azin wata guda shiga ransa. Wata za ta ce, "Kai, yau ka tashi da sa'a, Allah ne ya ciyar da mu," ta karɓa ta ƙulle a bakin zani, ta miƙa masa hamsin ya sayi alewa. Wata kuwa za ta ajiye muciya ta ce, "A ina? Wa ka gani a wurin? Sa takalminka ka zo ka nuna mini." Ni ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, domin ya kawo abin gaban babba. Uwar farko ce ta koya masa cewa asarar wani rabonsa ce, har ta sa sunan Allah a ciki.

Mu tambayi kanmu, wa ke yar da kuɗi a lungunanmu? Mai hannu da shuni kuɗinsa na banki, da waya yake biya. Masu yawo da tsabar kuɗi a ƙasa su ne yaron da aka aika niƙa, da tsohuwar da za ta sayo magani, da almajirin da ya wuni yana wanke-wanke, da 'yar talla. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar tallar da cinikinta ya zube ya san abin da nake nufi. Za ka gan ta bayan magariba, faranti a ka, tana bin hanyar da ta biyo, tana tona ƙasa da ƙafa, tana leƙa kwata, ta kwance bakin zani ta sake dubawa ko da ta san babu. Ba ta iya komawa gida, don ta san abin da ke jiranta, kuma jarin ƙosan gobe ke nan ya tafi. Dubu ɗayar da aka yi murna da ita a wancan gida, ita ce ake kuka a kanta a wannan, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Addinin Musulunci bai bar wannan ga son ran kowa ba. A hadisin Zaidu ɗan Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai tsintuwa ya lura da jakar da abin yake ciki da igiyar da aka ɗaure ta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Ubayyu ɗan Ka'abu ya tsinci jaka mai dinare 100, aka sa shi cigiya shekara, ya dawo bai sami mai ita ba, aka sake mayar da shi. A mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, ko bayan shekarar ta cika mutum ya yi sadaka da kuɗin ko ya ci, in mai su ya bayyana sai ya biya shi. Tunda yaro bai kai munzalin ɗaukar wannan nauyi ba, a wuyan waliyyinsa yake sauka.

Malamai sun yi sassauci a kan abu ƙanƙani wanda mai shi ba zai waiwayo nemansa ba, kamar dabino ɗaya a kan hanya. Naira ashirin da iska ta kwaso ba ta buƙatar shela. Amma ma'aunin shi ne halin wanda ya yar. Ɗari biyar a unguwar talakawa abincin dare ce, mai ita zai dawo nema.

Na san abin da ake faɗa: in ka yi cigiya, maƙaryata goma za su taso kowa ya ce nasa ne. Ai saboda haka aka ce a lura da siffar abin. Ba a ɗaga kuɗi sama a ce na wane ne. Sai a gaya wa liman ya sanar bayan salla cewa an tsinci kuɗi a kusa da famfo, ko a shaida wa mai unguwa da mai kantin bakin layi, in a makaranta ne a kai wa malami. Wanda ya zo, shi zai faɗi nawa ne, 'yan nawa-nawa ne, a leda suke ko a ƙyalle. Maƙaryaci ba ya wuce tambaya biyu. Wasu kuma su ce talauci ne. Talauci gaskiya ne, ba na raina shi, amma wanda ya yar ɗin ma shi yake fama da shi.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan tsorata ni. Ranar da yaro ya gane cewa "tsinta na yi" tana rufe bakin tambaya, ya sami mabuɗi. Gobe zai tsinta a aljihun rigar babansa, jibi a jakar ɗan ajinsu. Uwar da take karɓa ba ta bincike ta zama ɓarawon zaune a ɗakinta, ɗanta na kawo mata. In ya girma aka ba shi ajiyar kuɗin jama'a, da wannan idon zai dube su: abin da ba a ga mai shi tsaye a kai ba, rabo ne.

A 2023 wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Chadi kuɗi kimanin naira miliyan 15 da ya manta a cikin kekensa, bayan ya ji cigiya a rediyo. Jama'a da dama sun yaba masa, an yi masa kyaututtuka. Amma an sami waɗanda suka kira shi wawa, suka ce arziki ya zo har ƙofa ya kore shi. Waɗannan ma a gidaje aka raine su, kuma wani ne ya fara ce musu sun yi sa'a ranar da suka shigo da abin wani.

Don haka iyaye, in ɗanku ya kawo tsintuwa, kada ku dake shi, kada kuma ku karɓe ku yi shiru. Ku sa masa albarka da ya nuna muku, ku riƙe hannunsa ku je cigiya tare, kuma in mai kuɗin ya zo, ku bar yaron ya miƙa masa da hannunsa.