Iyali A Tsakiyar Teku: Ran Yaro Na Wane Ne?

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku da idanunmu ba, sai dai a hoto ko cikin karatun Littafi Mai Tsarki. Duk da haka akwai wata tambaya da teku ke yi wa waɗansu iyaye a ƙasashen Turai da Amurka, wadda ta cancanci mu zauna mu auna ta, gama ta shafi kowane uba da kowace uwa da suka taɓa miƙa jariri domin baftisma. A ƙasashen nan akan sami miji da mata su sayar da gidansu, su sayi ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ce ke tura shi, su kwashi 'ya'yansu su shiga teku, su yi watanni, wani lokaci shekaru, suna zaga duniya. Yunwa ba ta kore su ba, yaƙi bai tashe su ba. Sha'awa ce kawai. To, iyaye suna da izinin sa ran yaro cikin hatsari saboda abin da zuciyarsu take marmari?

Bari mu ɗauki labari guda na gaskiya. Dougal Robertson tsohon ma'aikacin jiragen kasuwanci ne na teku, wanda ya koma kiwon shanun madara a Ingila. Ɗaya daga cikin tagwayensa ƙanana ne ya fara kawo shawarar zaga duniya, uban kuwa ya riƙe maganar da gaske. Ya sayar da gonar, ya sayi wani tsohon jirgin katako mai suna Lucette, mai tsawon ƙafa 43. A watan Janairu na 1971 suka tashi daga Falmouth, shi da matarsa Lyn da 'ya'yansu huɗu, alhali yaran ba su san aikin jirgi ba. Suka haye Tekun Atlantika lafiya, 'yarsu ta sauka a hanya, suka ɗauki wani saurayi ɗalibi, suka bi ta mashigin Panama zuwa Tekun Pasifik.

Ran 15 ga Yuni, 1972, wajen mil 200 yamma da tsibiran Galapagos, garken manyan kifaye masu farauta suka fasa jirgin. Nan da nan ya nutse. Mutum shida suka tsira cikin kwale-kwalen roba mai hura iska da wani ƙaramin kwale-kwale, da ruwan sha da guzuri na 'yan kwanaki. Bayan mako biyu da ɗoriya na robar ya lalace, dukansu suka cunkushe cikin ƙaramin, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba. Suka tari ruwan sama, suka kama kifi da kunkurun teku, suka sha jininsa don ƙishi. Lyn, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta ga ruwan da ya taru a gindin kwale-kwalen ya ƙazantu, ba shi shayuwa, sai ta riƙa ɗura musu shi da bututu, gafara dai, ta dubura, domin jiki ya sami ruwa. Dougal kuwa ya juya su arewa, wajen da ake samun ruwan sama da hanyar manyan jirage. A rana ta 38 wani jirgin kamun kifi na Japan ya tsince su, dukansu da rai.

Wanda ya ji labarin nan zai ce Allah ya kiyaye, mu ma haka muka ce. Amma kiyayewar Allah ba ta wanke shawarar mutum ba. Mu tuna da sura 27 ta Ayyukan Manzanni. Bulus Manzo ya gargaɗi masu jirgi kada su tashi, domin lokacin tafiya a teku ya riga ya wuce. Jarumin Roma ya fi amincewa da matuƙi da mai jirgin, suka tashi. Hadiri ya yi ta jifa da su har dare goma sha huɗu, jirgin ya farfashe a gaɓar Malta, mutum 276 suka fita babu wanda ya halaka. Ko da haka, tun suna cikin hadirin Bulus ya faɗa musu a fili cewa da sun saurare shi da ba su sha wannan hasara ba. Ceton alheri ne daga Allah. Tashin kuwa kuskure ne na mutane, alherin bai mai da shi daidai ba. Ubangijinmu da kansa, sa'ad da Shaiɗan ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya dira, ya ƙi, domin dogara ga Uba dabam take da gwada Uba.

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci, gama Ikilisiya ba ta taɓa koyar da tsoro ba. Da masu tsoron ruwa ne Fadojin da suka iso Shendam a 1907, da Bishara ta daɗe ba ta same mu ba. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa ƙarfin hali yana tsakanin ragwanta da ganganci, hankali ne kuma ke nuna wa mutum iyakar kowanne. Iyalai da yawa sun yi irin wannan tafiya sun dawo lafiya. Yaransu sun koyi aiki da hannu, sun koyi tsaron dare da karanta sararin sama, sun san cewa idan ɗaya ya yi sakaci kowa zai sha wuya. Sun kuma sami abin da yara da yawa a kan tudu suka rasa, wato uba da uwa a gabansu safe da yamma. Mu faɗi gaskiya, akwai uban da bai taɓa kai ɗansa bakin rafi ba, amma yaron sai ya yi mako bai ji muryarsa ba. Irin wannan uba ba shi da bakin zagin Robertson.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne, Fadojin nan manya ne, ransu suka ɗauka suka miƙa da yardar kansu. Yaro kuwa ba ya iya ba da irin wannan yarda. In ɗan shekara goma ya ce mu zaga duniya, bai san ƙishin kwana 38 ba. Maganarsa ba ta sauke kayan daga kan ubansa. Jariri kuma ko wannan ba ya iya faɗa. Katikismar Ikilisiyar Katolika ta 1992 ta koyar da iyaye su ɗauki 'ya'yansu a matsayin 'ya'yan Allah, su girmama su kamar mutane masu daraja ta kansu. Ma'anarsa, yaro amana ne a hannunmu. Mutum yana iya yin kasada da dukiyarsa, ba ya yi da kayan ajiya.

Iyali Mai Tsarki ma sun yi tafiya mai hatsari da jariri. Yusufu ya tashi da dad dare, ya ɗauki Yaron da Maryamu zuwa Masar, hanya mai nisa ta cikin hamada. Amma saboda Yaron aka yi tafiyar, gama zama ya fi tafiya hatsari, takobin Hirudus na bayansu. A ganinmu nan ne ma'aunin yake. Uban da ke shirin shiga teku da 'ya'yansa, kafin ya duba igiya da filafilai da magani, ya kamata ya tsaya gaban Allah ya tambayi kansa domin wa ake tafiyar nan. In amsar ta gaskiya ita ce domin shi, domin ya gaji da rayuwarsa ko yana son a san sunansa, to, yaran sun zama guzurin burinsa. In kuwa har da amfaninsu, kuma ya koyi aikin, ya yi shiri, ya zaɓi lokacin da ya dace, ya jira su yi wayo, ba mu ga dalilin kiran abin zunubi ba. Zuciyar mutum kuwa ta iya ruɗin kanta. Shi ya sa shawarar matarsa da ta waɗanda suka san teku ta wajaba a kansa, musamman shawarar da ba ya son ji.

Akwai kuma wata alama da ba ta bayyana sai ranar wahala: ko iyaye za su iya sakin burin domin yaron. A 2014 wani iyali na Amurka suka tashi daga Mekziko cikin jirgi mai suna Rebel Heart, da 'ya'ya mata biyu, ɗaya shekara 3, ɗaya shekara 1. Wajen mil 900 daga gaɓa ƙaramar ta kamu da zazzaɓi da ƙuraje, maganin da ke hannunsu bai yi aiki ba, jirgin kuma ya sami lahani. Mutane da yawa a ƙasarsu sun zarge su da ganganci, mu ma muna ganin jaririya 'yar shekara ɗaya, wadda ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, ba ta dace da wurin da likita ke da nisan kwanaki ba. A nan sun yi kuskure. Amma da abin ya kai intaha, uban ya kunna na'urar neman ceto, yana sane cewa in aka zo ɗaukarsu ba za a ja jirgin ba, jirgin kuwa shi ne gidansu da kusan dukan abin da suka mallaka. Masu ceto huɗu suka diro daga jirgin sama da laima, suka zauna da su suna jinyar yarinyar, har jirgin sojan ruwan Amurka ya iso ya kwashe su. Jirginsu aka nutsar da shi a nan inda yake, yarinyar kuwa ta warke.