Kuɗin Magani ko Kuɗin Tambaya?

A damunar bara na kai ɗan yayata wani ƙaramin asibiti a ƙasar Doguwa, jikinsa zafi rau. Magani ya ƙare, sai dai a saya a kemis. Muna zaune sai ga wani matashi da takardu yana tambayar iyaye mata: daga wane ƙauye, tafiyar awa nawa, nawa aka biya mai babur. Wata tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, tambaya ba ta sauke zazzaɓi." A ranar na goyi bayanta. Yau ina ganin rabin gaskiya ta faɗa.

Shin ya halatta gwamnati ta kashe ko naira ɗaya wajen binciken tsarin kiwon lafiya alhali ga yaro kwance yana jiran magani? Hujjar tsohuwa mai ƙarfi ce, domin yaron da ke kwance yana da suna, yana da uwa, wanda bincike zai ceta kuwa wataƙila ba a haife shi ba tukuna. Sai dai rashin ganin mutum ba ya soke haƙƙinsa.

Mu dubi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida a Kiru da Tudun Wada ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damuna. Magungunan tsofaffi ne. Sabon abin shi ne sanin lokacin bayarwa da hanyar isar da su, kuma bincike a ƙasashe irin su Senegal, Mali da Burkina Faso ya samar da wannan sani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012. Ashe tambaya takan hana zazzaɓi zuwa.

Amma wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓar tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin Amurka ya gwada magani a kan yara kimanin 200 a Kano, kuma tabon da ya bari yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. In ba mu biya da kanmu ba, wa zai binciki tsargiya a ƙauyukan bakin madatsar Tiga a Bebeji? Wa zai auna yadda mai naƙuda daga Riruwai za ta isa asibiti cikin dare? A taron Bamako na 2008 an yi kira ga gwamnatoci su ware wa bincike aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatar lafiya. Wannan bai isa ya cinye kuɗin magani ba.

Don haka na yarda a biya, bisa sharaɗi guda: amsa ta dawo inda aka yi tambaya. Abin da matan nan suka faɗa wa matashin amana ce suka ba shi. In ya tsaya a kabad ɗin ofis, tsohuwa ta yi gaskiya baki ɗaya. In kuwa ya sa magani ya iso Doguwa kafin ruwan farko, an sauke amanar.