Alhakin Mai Dasa Ƙaya

Da yawa daga cikinmu mun dasa furen nan ja mai ƙaya a ƙofar gida. Asalinsa tsibirin Madagaska, aka kai shi Faransa a 1821, kuma dangin aguwa ne da tinya. Renonsa ba wuya: rana, ƙasa mai yashi, ruwa jefi-jefi. A cika masa ruwa, saiwa ta ruɓe.

To amma a karya reshensa, sai farin nono ya tsatso, mai ƙona fata. In ya shiga ido kuwa, sai asibiti. Manomin da ya kewaye gonarsa da aguwa yana da hujja, awaki yake tarewa. Mu fa? Sha'awar ido kawai ta sa muka ajiye dafi daidai tsayin yaro.

Wasu za su ce laifin yaron ne, ko na uwarsa. Ba mu yarda ba. Yaro ja ya gani, ya miƙa hannu. Mu ne muka san abin da ke cikin reshen. Ba mu ce a tumɓuke ba, don mu ma furen yana burge mu. Sai dai tukunyar ta hau katanga, rassan da muka sassare kuma kada su tafi jujin da yara ke wasa.