Mai mota ya mallaki motarsa, shin ya mallaki kunnuwan jama'a?

A wannan karo mun ɗauko wata mas'ala daga bakin makanikai. Mas'alar kuwa ita ce: idan mutum ya sayi abu da halaliyarsa, shin ƙarar da abin ke fitarwa ita ma mallakarsa ce, har ya watsa ta inda ya ga dama? Misalin da za mu auna tambayar da shi ya fito daga nesa, daga Japan da Turai da Amurka, inda ake da samari masu sayen mota su sake mata kayan ciki, wasu domin ta ƙara gudu, wasu kuwa domin ta ƙara kuka.

Sai mun san yadda abin yake kafin mu yi hukunci a kansa. Injin mota yana ƙona mai ne tare da iska, kuma gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon man da zai iya ƙonewa, gwargwadon ƙarfin da zai bayar. A shekarar 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar wata dabara: hayaƙin da ke fita a banza a sa shi ya juya farfela, farfelar tana haɗe da wata a kan ƙarfe guda, ita kuma ta biyun ta riƙa cusa iska cikin inji. Wannan shi ake kira turbo. Ya jima yana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan motocin kaya kafin ya shiga ƙananan motoci a 1962, cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair na Amurka. Farfelun nan suna juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, shi ya sa suke fito. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya ji wannan siririn fito daga babbar mota mai ɗauke da lodi. Nishin mai aiki ne, kuma ba mu ga laifinsa ba.

A motar fetur akwai wata matsala. Sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur domin ya canja giya, ƙofar iska tana rufewa farat ɗaya, alhali farfela ba ta tsaya ba. Iskar da aka matse sai ta rasa mafita, ta koma baya tana dukan farfelar da ta turo ta, a ji wani kuka mai kama da fiffikar tsuntsu, wanda idan ya yawaita yana gajiyar da turbo. Saboda haka aka ƙera wani bawul mai buɗewa a daidai wannan lokaci ya saki iskar. Kamfanonin da ke ƙera motoci suna mayar da iskar ta cikin bututu ta sake shiga turbo, ba tare da kowa ya ji ba. Su kuwa samarin da muka ambata sai su cire wannan su sa wani mai fesar da iskar waje, ta yi wata ƙara kamar atishawa mai ƙarfi a kowane canjin giya. Kamfanin HKS na Japan, wanda aka kafa a 1973, ya yi suna wajen ƙera irinsa, kuma fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ƙara cusa sha'awar irin waɗannan motoci a zukatan matasa.

To, ga abin lura. Wannan atishawa ba ta ƙara wa mota ƙarfi. Hasali ma, a motoci da yawa akwai ma'auni mai ƙidayar iska tun kafin ta shiga turbo, kuma kwamfutar mota tana zuba mai daidai da abin da aka ƙidaya. Idan aka zubar da iskar waje, mai ya yi yawa, inji ya yi tuntuɓe, wani lokaci har ya mutu a wurin tsayawa. Wasu ma toshe bawul ɗin suke yi gaba ɗaya domin su ji waccan fiffikar, wato suna jin daɗin kukan ciwon motarsu. Abin ya kai har ana sayar da ƴar lasifika mai kwaikwayon ƙarar, da usur da ake maƙalawa a bakin salansa, domin motar da ba ta da turbo sam.

Mai motar yana da hujjarsa, kuma adalci ne mu saurare ta. Zai ce kuɗinsa ne, bai saci na kowa ba, bai buge kowa ba, kuma ran ɗan Adam yana bukatar abin da zai faranta masa. Mun yarda da rabin wannan magana. Son inji da sanin sirrinsa ba aibi ba ne; maƙeri ma yana jin daɗin amon uwar maƙera, kuma a filin tsere da aka keɓe, inda duk wanda ya zo ya zo da yardarsa, ba mu da ta cewa. Inda muka rabu da shi shi ne cewa ƙara ba ta tsayawa a iyakar mallaka. Idan ya shafa wa motarsa launin da ba mu so, sai mu kau da kai, domin ido yana da murfi. Kunne ba shi da shi. Ƙarar tana tsallake katanga ta iske majinyacin da barci ya ɗauka da ƙyar, da jaririn da uwarsa ta sha wahalar lallashi, da mai gadin da ya kwana a tsaye. Babu ɗayansu da aka nemi izninsa.

Kuma cutarwar ba zato ba ce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar hanya ya wuce desibel 53, da dare kuma 45, saboda dangantakarta da rashin barci da ciwon zuciya. A 2022 Faransa ta fara gwajin wasu na'urori a bakin hanya masu jin ƙarar abin hawa su ɗauki lambarsa.

Wani zai ce: ai atishawa ɗaya ba ta kai rugugin babbar mota ba, don me za a kama ƙarami a bar babba? Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce ƙarar babbar mota kuɗin fito ne da muke biya domin hatsi da siminti su iso gari, kuma da direbanta zai samu ta yi shiru da ya yi murna. Ita kuwa waccan ƙara, ita ce hajar da aka saya, kuma ba ta cika sai da mai ji. Shi ya sa ake taka totur a inda jama'a suka taru fiye da inda ba kowa. Mai yin haka ya mai da bayin Allah ƴan kallonsa da ƙarfi, ya karɓi hankalinsu kyauta. Ba banza ba wasiyyar Luƙman ga ɗansa ta haɗa tafiya da murya a wuri ɗaya, kuma malamai suka lissafa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Amma mai lasifikar kwaikwayo, nasa ya fi ban tausayi, domin ya haɗa damun mutane da da'awar abin da ba shi da shi. Ƙarya ce, ko da batir ne ya faɗe ta a madadinsa.

Irin waɗannan motoci ba su yawaita a garuruwanmu ba, amma ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce. Mun san samarin da ke fasa salansar babur ranar ɗaurin aure, su yi ta zagaya unguwa har dare ya raba. Kayan aikin ne ya fi araha kawai.

Akwai kuma wata hasara da ke komawa kan mai motar shi kansa. Gwanin makaniki da kunne yake fara bincike. Turbo mai lafiya fitonsa siriri ne, yana tashi da sauka tare da totur. Idan ya koma kuka kamar jiniya, alama ce farfela ta sami rauni ko mazauninta ya ci. Idan aka ji huci mai ɗorewa, wani bututu ne ya tsage iska tana zurarewa. Waɗannan alamu da sanyin murya suke farawa, a lokacin da gyara bai yi tsada ba. Wanda ya cika motarsa da atishawa da rugugin salansa sau da yawa ba ya jin su, sai ranar da shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayansa, ƙarfin motar ya faɗi, makaniki ya ce masa sai dai a sayo sabon turbo.